Kisan Manoman Bakolori na 1980

Kisan manoman Bakolori shi ne harbin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka yi wa manoma masu zanga-zanga a ranar 28 ga Afrilu, 1980, a yankin madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talata Mafara. A lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, amma tun daga shekarar 1996 ya koma cikin Jihar Zamfara. Manoman sun tare hanyoyin aikin madatsar ne suna neman a biya su diyyar gonakinsu, gidajensu da itatuwansu da aikin ya cinye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, yayin da wasu ƙididdigar suka kai adadin sama da 380.

Lamarin ya faru ne wata bakwai kacal bayan sojoji sun miƙa mulki ga zaɓaɓɓiyar gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Saboda haka masana tarihi da siyasa suke kawo shi a matsayin misalin yadda gwamnatin farar hula take iya juya bindiga kan talakawan da suka zaɓe ta, idan buƙatarsu ta ci karo da ta hukuma da ta babban kamfani.

Yankin kafin a gina madatsar

Kogin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, sannan ya haɗu da kogin Rima kusa da birnin Sakkwato. A kowace damina kogin yakan cika ya malala cikin fadama. Da wannan ambaliyar manoma suke shuka shinkafa. Idan ruwa ya janye, damshin da ya rage a ƙasa da rijiyoyin da ba su da zurfi suna ba su damar noman rani, kamar albasa, barkono, tumatir, rogo da dankali. A kan tudu kuma ana noma gero, dawa, wake, gyaɗa da auduga.

Ba manoma kaɗai suke cin moriyar fadamar ba. Masunta suna kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, makiyaya kuma suna sauko da shanunsu a lokacin rani. Yawancin gonaki na gado ne, an san iyakokinsu ta hanyar itatuwa, kunyoyi da shaidar maƙwabta da masu unguwanni, ba ta takarda ba. Wannan ya zama muhimmin abu daga baya, lokacin da aka zo tantance wanda ya mallaki wace gona.

Yadda aka tsara aikin

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto kan ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato da Rima. Rahoton ya ba da shawarar a gina ƙaramar madatsa da matsakaicin shirin ban ruwa a Talata Mafara, kuma a bi abin a hankali don kada a rushe tsarin noman da mutane suka saba da shi.

Cikin 'yan shekaru al'amura suka canza. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya tayar da hankalin hukumomi, kuɗin man fetur ya ƙaru sosai daga 1973, sannan Najeriya tana kashe kuɗi masu yawa wajen shigo da alkama da shinkafa. Gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta karkata ga manyan madatsu. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka ɗora wa alhakin aikin Bakolori. Binciken da kamfanonin Italiya suka yi ya ba da shawarar babbar madatsa guda ɗaya, bai kuma mai da hankali kan abin da zai sami mutanen da ke ƙasan kogin ba.

An yi ginin madatsar tsakanin 1974 da 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5.5, yawancinsa na ƙasa ne, da sashen kankare a tsakiya mai tsayin mita 48. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili kusan hekta 8,000. An tsara shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 ta hanyar magudanai da bututu.

Kamfanin da ya yi aikin

An ba da kwangilar ga kamfanin Impresit Bakolori, wanda gwamnatin Najeriya take da kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa, kamfanin Impresit na Italiya kuma yake da kashi 40. Impresit reshen gine-gine ne na kamfanin Fiat, kuma ya daɗe da ƙwarewa a manyan madatsu a Afirka. Shi ya gina madatsar Kariba a kogin Zambezi a shekarun 1950, yana kuma cikin haɗakar kamfanonin Italiya da suka gina madatsar Kainji a shekarun 1960.

Masu nazari sun nuna matsaloli biyu a wannan tsari. Ta farko, ɓangaren da ya shiga binciken ko aikin zai yiwu shi ne kuma ya samu kwangilar, alhali girman aiki shi ne girman ribar ɗan kwangila. Ta biyu, gwamnati ta zama mai hannun jari a kamfanin, ita ce mai biyan kuɗin kwangila, ita ce mai ƙwace ƙasa, ita ce kuma mai iko da 'yan sanda. Manomin da yake da ƙorafi a kan kamfanin ba shi da wata hukuma mai zaman kanta da zai kai kuka, domin wanda zai kai wa ƙara yana da hannu a abin da ake ƙara a kai. Kuɗin aikin ya yi ta hauhawa, har Bakolori ya shiga jerin shirye-shiryen ban ruwa mafi tsada idan aka auna da kowace hekta.

Gonaki da batun diyya

Aikin ya shafi mutane kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda tafkin ya cinye garuruwansu da gonakinsu, kimanin mutum 13,000, aka tashe su zuwa sababbin matsugunai, ciki har da sabon garin Maradun. Sun bar fadama mai albarka, aka ba su filayen tudu marasa ƙarfi, wasu kuma ba su sami gonar kirki ba ko kaɗan.

Kashi na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa, waɗanda yawansu ya kai dubun dubata. Domin ruwa ya gudana a magudanai, sai an baje ƙasa ta daidaita. Katafiloli suka shiga gonaki, suka ture itatuwan amfani irin su ɗorawa, kuka, tsamiya da kaɗanya, suka shafe iyakoki, a wurare da dama kuma suka kwashe ƙasar sama mai taki. An hana mutane shuka yayin da ake aikin, wasu suka rasa damina biyu ko fiye. Alƙawarin shi ne za a mayar wa kowa gonarsa bayan an gyara, amma rabon ya yi jinkiri, kuma da yake an shafe alamomin da aka san gonaki da su, an yi ta samun kurakurai da rigingimu kan wanda ya cancanci wane fili. Waɗanda aka mayar wa fili kuma an matsa musu su shuka abin da hukuma ta tsara, musamman alkama, maimakon abincin da suka saba nomawa.

Kashi na uku su ne mutanen fadamar da ke ƙasan madatsar, waɗanda ruwan ambaliya ya ragu musu. Waɗannan ba a ma sa su cikin lissafin diyya ba.

Ƙorafin manoma kan diyya ya haɗa da jinkirin biya, ƙarancin kuɗin da aka yanke wa kowace bishiya da amfanin gona, tsallake sunayen masu haƙƙi, da zargin cewa kuɗin yana maƙalewa a hannun jami'ai da masu shiga tsakani.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978

A watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A ƙarƙashinta gwamnati tana iya karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato gini, shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. An kuma saka dokar cikin kundin tsarin mulki na 1979, yadda gyara ta ya zama da wuya.

Ga manomin da gonarsa ita ce jarinsa, ita ce abincinsa, ita ce kuma gadon 'ya'yansa, kuɗin amfanin gona na shekara ɗaya bai kama ƙafar abin da ya rasa ba. Wannan giɓi tsakanin abin da doka ta ɗauka diyya da abin da manomi ya ɗauka asara shi ne tushen rikicin.

Zanga-zangar manoma

Manoman sun fara ne da hanyoyin lalama. Sun aika wakilai da takardun koke ga hakimai, hukumar raya kogunan da gwamnatin jiha, wasu kuma sun garzaya kotu. Da abin ya ƙi, sai suka koma tare hanyoyin da motocin kamfanin suke bi da hana ma'aikata shiga gonaki. Wannan dabara ta yi tasiri, domin duk ranar da injuna suka tsaya asara ce ga kamfanin da gwamnatin da ke biyansa.

Dawowar mulkin farar hula a ranar 1 ga Oktoba, 1979, ta ƙara wa manoman fata. Shugaban ƙasa Shehu Shagari ɗan Jihar Sakkwato ne, kuma jam'iyyarsa ta NPN ce ta ci kujerar gwamnan jihar. A watan Nuwamba na 1979 gwamna Shehu Kangiwa ya fuskanci masu zanga-zangar, ya yi alƙawarin za a duba dukkan koke-kokensu. Da watanni suka wuce ba su ga biyan da ya gamsar da su ba, sai suka tsananta tare hanyoyi a farkon 1980, aikin ya tsaya cik. Lokacin kuma damina tana ƙaratowa, mutane da yawa ba su san inda za su yi shuka ba.

Ranar 28 ga Afrilu

A ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka tura rundunar 'yan sandan kwantar da tarzoma domin buɗe hanyoyin da ƙarfi. 'Yan sandan sun buɗe wuta kan manoman, kuma ƙauyen Birnin Tudu shi ne aka fi ambata a matsayin inda aka fi zubar da jini. Rahotannin da suka fito daga yankin sun ce farmakin bai tsaya a shingayen hanya ba, an bi mutane cikin ƙauyuka, an ƙona gidaje, an kama mutane da dama, wasu kuma suka tsere daji. Bayan haka aka ci gaba da aikin.

A wannan ranar ce shugabannin ƙasashen Afirka suke buɗe taron ƙoli na musamman kan tattalin arziki a Legas, taron da ya fitar da shirin raya nahiyar wanda ya sa wadatar abinci a sahun gaba. A shekarar ce kuma gwamnatin Shagari ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa noma.

Yawan waɗanda suka mutu

Alƙaluman sun sha bamban ƙwarai. Adadin da aka fi danganta wa gwamnati shi ne mutum 23, wasu rubuce-rubucen kuma suna kawo 25. Ƙididdigar da ba ta hukuma ba ta fara daga sama da 120, ta kai har 386, adadin da 'yan adawa da wasu malaman jami'a suka riƙa ambata. Saɓanin yana da dalilai da aka saba gani a irin wannan lamari: ana binne mamaci da wuri bisa al'adar Musulmi, babu rajistar mutuwa a ƙauyuka, iyalai suna tsoron kai rahoto ga hukumar da ta yi harbin, sannan hukumar da ake zargi ita ce take fitar da adadi.

Siyasar lokacin

Kundin tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da 'yancin rayuwa, 'yancin taro da haƙƙin samun diyya idan an karɓe dukiyar mutum. Amma rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, tana ƙarƙashin gwamnatin tarayya, hukumar raya kogunan ma ta tarayya ce. Da yake jam'iyya ɗaya ce take mulki a tarayya da Jihar Sakkwato, babu wani matakin gwamnati da yake da sha'awar tono lamarin.

Masu sukar gwamnati, musamman na ɓangaren jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, wadda take mulkin jihohin Kano da Kaduna, su ne suka fi ɗaga maganar. A wurinsu Bakolori hujja ce kan abin da suka daɗe suna faɗa game da zaluncin da ake yi wa talakawa. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin waɗanda suka yi ta tunatar da jama'a kisan. Gwamna Shehu Kangiwa ya rasu a watan Nuwamba na 1981 sakamakon faɗuwa daga doki a wasan folo, Garba Nadama ya gaje shi. Sojoji sun kifar da Jamhuriya ta Biyu a ranar 31 ga Disamba, 1983.

Abin da ya biyo baya

Binciken da masanin labarin ƙasa William Adams na Jami'ar Kambirij ya yi a fadamar da ke ƙasan madatsar ya nuna cewa raguwar ambaliya ta jawo babbar asara. Daga cikin kimanin hekta 19,000 na fadama, noman shinkafa ya ragu da kusan hekta 7,000, inda manoma suka koma gero da dawa masu ƙarancin daraja, noman rani kuma ya ragu da kusan hekta 5,000. Kamun kifi ma ya ja baya, mutane da yawa suka riƙa tafiya cin rani.

A cikin filin ban ruwan, an shimfiɗa wa kimanin hekta 15,000 tsarin feshin ruwa ta bututu, sauran kimanin hekta 8,000 kuma ruwa yana gangara musu ta magudanai. Tsarin feshi ba ya buƙatar baje ƙasa sosai, amma ya dogara ga wutar lantarki, famfuna da kayan gyara daga waje. Zuwa farkon shekarun 2000 ya daina aiki, filin da ake nomawa da ruwan madatsar ya tsaya a kusan hekta 7,500, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 don gyara wasu manyan shirye-shiryen ban ruwa a arewacin Najeriya, Bakolori da shirin kogin Kano suna ciki.

Kwatanci da madatsar Tiga

Bakolori ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. A kudancin Jihar Kano, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, a kan kogin Kano, wanda yake gangarowa ta dajin Falgore a yankin Doguwa da Tudun Wada. Tafkin Tiga ya ninka na Bakolori kusan sau huɗu, domin yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Shi yake shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Daga baya aka kammala madatsar Challawa a Ƙaraye, maƙwabciyar Kiru, a 1992.

A Tiga ma an tashi dubban mutane daga garuruwansu, an kuma yi ƙorafi kan diyya da ingancin sababbin gonaki. Binciken da Tina Wallace ta yi a shirin kogin Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa masu hali sun fi ƙananan manoma cin moriyar ban ruwan, saboda tsadar taki, iri da ƙwadago. Can ƙasan kogin kuma ambaliyar dausayin Haɗejiya da Nguru ta ragu, abin da ya taɓa manoma, masunta da makiyaya. Bambancin shi ne a Tiga rikicin bai kai ga irin zubar da jinin Bakolori ba. Amma tambayoyin iri ɗaya ne: wa aka tuntuɓa kafin a fara, wa ya ɗauki asara, wa ya kwashi riba.

Makamantansa a duniya

A 1958, lokacin gina madatsar Kariba, 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe mutum 8 daga ƙabilar Tonga da suka ƙi tashi, a aikin da ya raba kimanin mutum 57,000 da muhallinsu. A ƙasar Gwatemala, an kashe sama da mutum 400 na al'ummar Maya Achi tsakanin 1980 da 1982 a yankin da ake gina madatsar Chixoy. Hukumar Madatsun Ruwa ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na shekarar 2000 cewa manyan madatsu sun tashi mutane tsakanin miliyan 40 zuwa 80 a duniya.

Abin da ya sa Bakolori ya fita daban shi ne ya faru a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati mai majalisa, kotuna da jaridu. Ta wannan fuska ya fi kama da kisan Marikana a Afirka ta Kudu, inda 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 na kamfanin Lonmin a ranar 16 ga Agusta, 2012.

Matsayinsa a nazarin ilimi

Bakolori ya zama darasi a fannonin kimiyyar siyasa, labarin ƙasa da nazarin raya karkara. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bayyana shi a rubutunsa na 1985 a matsayin karo tsakanin manoma a gefe guda da gwamnati da masu jari a ɗaya gefen. William Adams kuma, a nazarinsa na 1988, ya fi mai da hankali kan yadda aka tsara aikin, inda injiniyoyi suka ɗauki ƙasa da ruwa a matsayin matsalar lissafi, suka bar batun mallakar gona da rayuwar mutane sai da rikici ya ɓarke.

Dokokin da suka zo daga baya sun rufe wani ɓangare na wannan giɓi. Tun 1992 dokar Najeriya ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, manyan bankunan raya ƙasa kuma suna sharɗanta tsarin sake tsugunar da mutane kafin su ba da bashi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 dai tana nan tana aiki, kuma har yanzu da ita ake karɓar gonaki don hanyoyi, bututun gas, ma'adinai da manyan gonakin kamfanoni.